Tokar Kuka a Kumasi

Shafi na 19

Salamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako shafin nan yau ba, za ta nemo gidanmu. Hajiya zauna, ga shi nan. Sababbin shigowa kuma ku matso kusa, ba za ku ɓata ba.

*

Alhaji Issaka ya rantse da safiyar nan, kuma ya san rantsuwar tasa da rami a ƙarƙashinta.

A zauren ƙungiyar fataken goro ta Zangon Kumasi aka yi ta, wata Talata cikin 1955. Alfa Abukari, limamin ƙungiya, shi ya tsayar da alƙalan nan uku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce wallahi bai san da wani na gidansa cikin masu neman kuɗin bincike ba. Alhaji Issaka ne shugaba, don haka shi ya fara, murya tar ba ko gargada.

Alhali shekaranjiya da la'asar, a ƙofar ɗakinsa, ɗansa na fari Sumaila ya durƙusa ya raɗa masa cewa, "Baba, mai maganar toka, daga gidan nan ta fito."

To ai lambar takardar bai sani ba, ko? Da wannan ya lallashi zuciyarsa. Mutum in yana son abu, har fatawa yakan ba kansa.

Bari in tuna muku abin da ya tara su. Sankara ce, ƙwaron nan da ke shiga goro ya cinye cikinsa ya bar maka baya mai kyau a ido. Bara sai da ta ci wa fatake kashi ɗaya cikin uku na kayansu. A ɗaure huhu lafiya lau a Kumasi, a kwance shi a Kano a tarar da gari. Shi ne ƙungiya ta haɗa fam ɗari uku, aka yi shela a Zango kaf: duk mai wata dabara da yake son ya bincika a kan sankara ya kawo takarda, wanda tasa ta fi a ba shi kuɗin ya yi aiki.

Takarda bakwai aka kawo. Munkaila, akawun ƙungiya, ya sake buga kowace da tafireta, ya cire sunan mai ita ya sa lamba. Sunayen suna cikin ambulan bakwai a liƙe a gaban Alfa. Doka kuwa akwai ɗaya mai kaifi: alƙalin da ya san nasa na ciki amma bai tashi ba, duk takardar da ta fito daga gidansa ta faɗi, ko da ta zinariya ce.

Kafin hantsi ya dubi ludayi biyar sun faɗi.

Lamba ɗaya, mai ita ya ce yana da magani na gado amma ba zai faɗi abin da ke ciki ba. Ticha Adusei ya ce abin da wani ba zai iya maimaitawa ya gani da idonsa ba, wannan ba bincike ba ne, labari ne. Shi Ticha malamin kimiyya ne, mutumin Asante, roƙo shi aka yi ya zama alƙali. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, amma in ya kama alli ba ya wasa.

Lamba shida ta nemi kuɗin duka a sayi lori. Alhaji Buraima, alƙali na uku, ya tambaya ko sankarar za a riƙa bankewa da ita. Alhaji Buraima ke nan, rumfarsa na kallon ta Alhaji Issaka shekara ashirin, kuma shi ya fara kiran Sumaila "ɗan kwalejin da bai san ɗanyen goro da daushe ba". Sunan ya bi yaron har gida. Wannan tabon Alhaji Issaka ya zo wankewa yau.

"Saura biyu," in ji Ticha. "Akawu, lamba uku."

Munkaila ya ɗauki takardar. Gumi ne kawai ke tsatso masa, ga shi kuwa an yi ruwa da asuba, garin da sanyinsa.

Ya fara karantawa. Layi na biyu sai ga kalmar.

Toka.

Alhaji Issaka ya gyara zaman babbar riga, ya ɓare goro ya jefa a baki.

"Na ɗauki huhu arba'in," Munkaila ya karanta. "Ashirin na barbaɗa wa tokar kuka tsakanin ganye da ganye, ashirin na bari haka nan. Bayan wata huɗu, cikin kowane goro ɗari, masu toka bakwai suka yi sankara. Marasa toka, talatin da ɗaya."

Ticha ya buga tebur.

"Yawwa! Kun ji? Ya sa wa wani, ya bar wani, ya gwada su. In ba ka bar wani ba, yaya za ka san maganin ne ya yi aiki ko dai shekarar ne ya yi kyau? Wannan takarda ya san hanya paa, sosai."

"Ka ji ilimi," in ji Alhaji Issaka, yana kallon Alhaji Buraima ta wutsiyar ido. "Ba a sayensa a bakin rumfa."

"Nawa ya nema?" Alhaji Buraima ya tambaya.

"Ɗari uku cif," in ji Munkaila.

"Ko sule bai rage mana na shan koko ba."

"Aikin ilimi tsada gare shi," Alhaji Issaka ya ce. "Akawu, karanta ta ƙarshen mu tashi, kowa da abin yi."

Munkaila ya ɗauki lamba biyar. Ya dube ta, ya dubi ƙofa, kamar mai neman hanyar gudu.

"Karanta mana!"

"Na ɗauki huhu arba'in," Munkaila ya fara. "Ashirin na barbaɗa wa toka tsakanin ganye da ganye, ashirin na bari haka nan. Bayan wata huɗu, cikin kowane goro ɗari, masu toka bakwai..."

"Kai akawu, ka sake ɗauko ta ɗazu."

"A'a Alhaji. Wannan lamba biyar ce."

"Marasa toka nawa?" Ticha ya tambaya a hankali.

"Talatin da ɗaya."

Goron bakin Alhaji Issaka ya tsaya inda yake, bai tauna ba bai haɗiye ba.

"Ei!" Ticha ya ɗora hannu biyu a ka. "Asem aba!"

Magana ta zo, ke nan, da Asantanci. Ta kuwa zo.

Ticha ya fizgi takardun biyu ya jera su, yana bin lambobin da yatsa, shekara bayan shekara. Bakwai da talatin da ɗaya. Tara da ashirin da takwas. Biyar da arba'in. Ko ɗigo bai bambanta ba.

"Mutum biyu ba ya ƙirga goro a rumfa biyu ya samu lamba iri ɗaya shekara takwas," in ji shi. "Ɗaya ya yi aiki. Ɗaya ya yi sata."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Alfa ya ce. "A Zango?"

Ran Alhaji Issaka ya ɓaci, ɓaci na gaske. Wato wani ɗan iska ya leƙa takardun yaronsa ya kwafa, don baƙin ciki? Ya miƙe tsaye.

"Ai ba sai an yi dogon bincike ba. Ta uku ta masu ilimi ce, ko kurma ya ji. Ta biyar ce ta ɓarawo!"

"Alhaji, zauna," in ji Ticha. "Ba da ihu ake auna ba. Ga allo."

Ya nuna layi na uku cikin ma'aunin da ya rubuta tun safe: me ka riga ka gwada, har da inda ka faɗi?

"Lamba uku, shekara takwas, kullum nasara. Lamba biyar, shekara tara. Akwai shekara ɗaya da uku bai sa ba. Akawu, karanta shi."

Munkaila ya share goshi.

"A shekarar da aka yi ambaliya na ƙara toka ninki biyu, don ina gaggawa. Ta ƙone bayan goron, huhu ashirin suka yi baƙi, ko ɗaya bai sayu ba. Kuskurena ne. Har yanzu ban san daidai awon da ya kamata ba, kuma shi nake so in bincika."

"To kun ji!" Alhaji Issaka ya tafa hannu. "Da bakinsa ya ce bai iya ba. Wa zai ba da kuɗi ga wanda ya ƙona huhu ashirin?"

"Ni," in ji Ticha. "Ni zan ba shi. Wanda ya taɓa goro da hannu dole ya taɓa ɓata shi. Wanda bai taɓa faɗuwa ba kwata-kwata, ina tsoronsa. Kuma duba, ya san abin da bai sani ba, ya faɗi tambayarsa a fili. Lamba uku me yake son ya bincika? Ya ce ya riga ya gama. To in ya gama, kuɗin na mene ne?"

"Nawa biyar ta nema?" Alhaji Buraima ya sako baki.

"Fam tamanin da biyu. Na sikeli, da goron gwaji, da ladan masu zaɓe."

Alhaji Issaka ya koma ya zauna.

Alhaji Buraima kuwa duk wannan lokacin yana riƙe da lamba uku, yana juya ta. Shi bai iya boko sosai ba, amma kunnensa ba ya mantuwa.

"Ticha, ka ce sai abin da wani zai iya maimaitawa, ko?"

"Haka ne."

"To ni Buraima ina so in maimaita. Gobe-gobe. Akawu, tokar me lamba uku ta ce?"

"Tokar... kuka."

"Ina zan same ta?"

Munkaila ya nemo layin.

"Ana samunta kyauta a kowace gona a Atonsu."

"A ina?"

"Atonsu."

Alhaji Buraima ya kwashe da dariya har rawaninsa ya karkace.

"Kuka! A Atonsu, nan gefen Kumasi! Jama'a, shekarata arba'in a ƙasar Asante, wa ya taɓa ganin bishiyar kuka a kurmin nan? Garin miyar ma sai an ɗauko mana shi a buhu daga arewa. Alfa, ka taɓa ganin kuka a Kumasi?"

"Sai na jarirai," in ji Alfa.

"Biyar fa, me ta ce?"

"Tokar koko," Munkaila ya amsa. "Ɓawon koko da manoma ke zubarwa in sun fasa."

"Wannan kam har tuntuɓe ake yi da shi a Atonsu!"

Kun san zuciyar ɗan Adam da saurin sauya sheƙa. Cikin ƙiftawar ido Alhaji Issaka ya sake lissafi. Ashe shi ne ya yi kuskure! Yaro ai toka kawai ya ce, bai ce lamba uku ba. Yaron da aka haifa a Kumasi, aka yanke cibiyarsa a Kumasi, ya yi kwaleji shekara huɗu, zai ce akwai kuka a Atonsu? Haba! Tasa ita ce biyar. Ga tawali'u, ga gaskiya, ga sauƙin kuɗi. Ɗan halak ke nan.

Daɗi ya cika shi har ya fi kowa dariya.

"Jahili! Ɓarawo kuma jahili! Ko satar bai iya ba!"

"Ɗazu ka ce ta masu ilimi ce," in ji Alhaji Buraima.

"Gwada ku nake yi. Yanzu ku saurara. Kafin a buɗe ambulan a yanke hukunci, don kada a ga suna a ji kunya. Ko ɗan wane ne."

"Alhaji..." Munkaila ya ce.

"Ranar Juma'a a faɗi sunansa a ƙofar masallaci, kowa ya ji."

"Alhaji, don Allah a ɗan..."

"Kuma ba shi ba kasuwar goro har abada. Ba ya saye, ba ya sayarwa, ba ya gadon rumfa ko da ta ubansa ce!"

"Bai yi tsauri ba?" Alfa ya tambaya.

"Wanda ya saci gumin wani? Ya ma yi sauƙi!"

"Alhaji, na roƙe ka da girman Allah, ka bari a fara..."

"Kai Munkaila, kai alƙali ne ko akawu? Rubuta!"

Munkaila ya rubuta. Hawaye ne ya ɗiga a kan takardar, amma wa ya kula? Alhaji Issaka ya fara sa hannu, sauran suka bi.

Alfa ya miƙo masa ambulan mai lamba uku, don shugaba ke buɗewa.

Ya yage shi da ƙarfi. Ya zaro 'yar takardar. Ya nisanta ta da ido don ya gani da kyau.

Ya gani.

Ya sake gani.

"Karanta mana," in ji Alhaji Buraima.

Sunan ɗan fari ne. Shekara ashirin da shida Alhaji Issaka bai taɓa furta shi ba, don kunya irin ta iyaye, kullum "yaron nan" yake cewa. Yau ga sunan a hannunsa, an ce ya karanta shi a matsayin ɓarawo.

Takardar ta suɓuce ta faɗi. Alhaji Buraima ya sunkuya ya ɗauka, ya haɗa baƙaƙen ɗaya-ɗaya. Dariyar fuskarsa ta ɗauke.

"Sumaila Issaka," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"La'ilaha illallahu," in ji Alfa.

Ta taga ana hango shi a gindin mangwaro tare da sauran masu jira, farar riga, ɗamarar wuya, takalmi na sheƙi. Har yana ɗago wa wani hannu.

"Ƙarya ne!" Alhaji Issaka ya daka tsawa. "An sauya ambulan! Munkaila, nawa aka ba ka?"

Munkaila ya buɗe akwati ya ɗauko takardun asali guda biyu, ya ajiye a tebur.

Ta farko da Turanci, rubutu mai kyau a tsaye. Alhaji Issaka ya san hannun. Wasiƙu nawa ya karɓa da shi daga kwaleji, ya ba Munkaila ya karanta masa a gaban mutane?

Ta biyu da ajami ce, a takardar da ta sha hannu, gefenta duk jan goro.

Alfa ya ɗauke ta ya kai kusa da ido. Can ya girgiza kai, ya tashi ya karɓi alli daga hannun Ticha, ya rubuta baƙi uku a allo.

"Alhaji Buraima, kai ka yi allo. Karanta."

"Kaf, wau, kaf. Kuka."

"Ko kuwa?"

Alhaji Buraima ya riƙe baki.

"Koko."

"To. Mai rubutun nan ba ya sa wasali, don kansa yake rubutawa, ya san abin da yake nufi. Wanda ya kwafa ya ga baƙi uku ya karanta abin da ya saba gani a miya. Da ya taɓa durƙusawa a gaban huhu ko sau ɗaya, da ƙanshin tokar ma ya gaya masa."

Alhaji Issaka ya dafa tebur. Idonsa na kan ajamin nan, yana neman ya gane hannun wane maƙiyi ne, don lalle wani ya haƙa wa yaron rami. Bai gane hannun ba. Bai taɓa ganinsa ba a rayuwarsa.

"A buɗe biyar," in ji Ticha.

"Ni ba zan iya ba," Alhaji Issaka ya ce.

Alfa ya buɗe. Ya karanta a zuci. Ya ɗago ya dubi Alhaji Issaka, kallon da ake yi wa wanda za a gaya wa rasuwa.

"Faɗi kawai, Alfa. Me ya rage?"

"Salamatu."

"Wace Salamatu?"

"Mma Salamatu. Ta gidanka."

Wallahi da a ce rufin zauren ne ya rufto, da ya fi masa sauƙi.

Salamatu? Matarsa? Uwar yaron? Shekara ashirin da takwas suna tare. Ita ke shugabantar matan da ke zaɓen goro a bayan rumfarsa, su kwance huhu, su tsince ruɓaɓɓe, su sauya ganye. Ya san tana dawowa gida da toka a zani, har yakan yi mata tsiya wai ta zama mai sabulu. Ya san goronsa ya fi na kowa daɗewa, yana cewa albarkar aikin hajji ce. Amma rubutu? Yaushe? Da wane alƙalami?

"Ba ta iya rubutu ba," ya ce.

"Ta iya, Alhaji," in ji Munkaila, sai yanzu bakinsa ya buɗe. "Littafi tara ta nuna min. Ita ta zaunar da ni ta karanta min kalma-kalma na buga. Ta ce kada in gaya maka, don kada ka shiga tsaka mai wuya. Da ta yaron ta zo daga baya na ga lambobin, kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na rantse ba zan faɗi suna ba. Sau uku ina tare ka ɗazu."

"A kira shi," in ji Ticha. "A kira Mma ya zo."

Munkaila ya fita da kansa. Rumfar mata ba nisa, bayan zauren take.

Ba a jima ba ta shigo da sallama, mayafi a ka, kwando a hannu. Ta wuce ɗanta a gindin mangwaro ba ta san komai ba, har ta ce masa ya matsa daga rana. Ta durƙusa ta gaida Alfa, ta gaida sauran. Mijinta ta gaida shi ba ta ɗago ido ba.

"Mma, kai ka rubuta wannan?" Ticha ya tambaya.

"Ni ce."

"Me ya sa ka rubuta shekarar da goro ya ƙone? Ba wanda zai sani in ka ɓoye."

Ta ɗan yi mamakin tambayar.

"To in na ɓoye, wata ta zo ta zuba toka da yawa ita ma ta ƙona nata fa?"

Ticha ya juya ya dubi sauran.

Ta buɗe kwandon. Littattafai tara ɗaure da tsumma, sai ƙunshin ganye. Ta kwance ta miƙa wa Alhaji Buraima goro ɗaya.

"Wata bakwai ke nan."

Ya ɓare. Ciki fari tas, ba huda ko ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa.

"Mma Salamatu," in ji Alfa a hankali, "littattafan nan, kin taɓa ba wani aro?"

"Ba kowa. Sai yaron nan, watan jiya. Ya ce zai duba min ko lissafina daidai ne, tunda shi ya yi makaranta." Ta yi ɗan murmushi. "Ya ce ba kuskure ko ɗaya."

Ba wanda ya iya kallonta.

"Lafiya?" ta ce. "Alfa, lafiya?"

Alfa ya tura mata takardar Turancin, da 'yar takardar suna a kai. Boko ba ta iya ba, amma lambobi ta sani, kuma lambobinta ne. Ta bi su da yatsa har ƙasa. Ta dubi taga. Ta dubi lambobin.

Sai ta zame ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ni na haife shi," ta ce. "Da ya roƙa ai da na ba shi."

Munkaila ya karanta mata hukuncin, don doka ta ce a karanta wa mai haƙƙi. Ƙofar masallaci. Kasuwa. Gado.

"Wa ya yanke wannan?"



Ta ga sa hannun da ke saman takardar. Wannan kam ta san shi.

Ta rufe fuska da mayafi. Maganar da ta fito daga ciki ba da kowa take yi ba, da kanta take.

"Ashe da ya ce mai maganar toka daga gidan nan ta fito, ba tawa yake nufi ba. Ni na zaci asirina ya tona."



Kunnen Alhaji Buraima kuwa ba ya barci.

"Ya ce wa wa?"

Ya matso kusa da ita.

"Mma Salamatu, yaron ya ce wa wa?"

Alfa Abukari ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta sauya, ba ta abokin hira ba ce yanzu, ta wanda ya rantsar da mutum ɗazu ce.

"Alhaji Issaka. Zan tambaye ka sau ɗaya. Da ka rantse da safe, ka san da wani na gidanka a cikin takardun nan?"

Alhaji Issaka ya auna, ɗan kasuwa ne ai. Yaro ya riga ya tafi, ba ceto. In ya ce bai sani ba, takardar Salamatu ta tsira, kuɗin ya shigo gidansa, rawaninsa ya zauna. Ƙarya ɗaya ce a kan ta safe. Kuma ai don ita zai yi. Don shekara taranta.

Ya buɗe baki.

"Wallahi ban..."

"Alhaji."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sauke mayafin daga fuskarta, idon nan jawur, a karo na farko yau ta dube shi.

"Shekaranjiya da la'asar ni na kawo maka ruwan alwala. Ina bayan labule. Kwana biyu ina jira in ji ka ce ka sauka daga kujerar nan."

"Mma, tsaya!" Ticha ya zabura. "Ka san doka? In ya sani, duk takardar gidansa ya faɗi. Har naka. Shekara tara, Mma!"

"Na sani. Malam Munkaila ya karanta min tun ranar farko."

"To me ya sa..."

"Ticha, ɗazu me ka tambaye ni?"



"Me ya sa ka rubuta wanda ya ƙone," in ji Ticha.

Ta ɗaure littattafanta da tsumman, ƙulli biyu, ta mayar cikin kwando. Sannan ta juya ga mijinta.

"Shekara tara ban taɓa mayar da ruɓaɓɓe cikin huhu na rufe da ganye ba. Alhaji, za ka faɗa musu da bakinka, ko ni in faɗa?"